Kia EV6 GT a hannun mai iyali: gudu, caji da nisan zango

Duk wanda ya ji cewa motata ta lantarki ce, tambayar da yake fara yi ɗaya ce: kilomita nawa take ci kafin caji ya ƙare? Amsar ba mai daɗin ji ba ce, shi ya sa gara in fara sauke ta. Kia EV6 GT ƙirar 2023 nake hawa a nan Manchester, kuma ta hannu na saya, ba sabuwa dal ba. A takardar kamfani, bisa gwajin da ake yi a Turai, kilomita 424 aka rubuta mata. Hukumar kare muhalli ta Amurka, wadda awonta ya fi tsauri, mil 206 ta ba ta, wato kilomita 330 da 'yan kai. Ni dai abin da nake gani a kan titi ya fi kusa da na Amurkawa. Lokacin zafi, in ina zirga-zirgar cikin gari, daga gida zuwa makarantar yara zuwa wurin aiki, takan kai ni wajen 370. In na hau babbar hanya na tsaya a kan gudun da doka ta yarda da shi, 300 ne ko sama kaɗan. Da hunturu ya shigo kuwa, ga hita a kunne, ga ruwa, ga iska, sai ta sauko wajen 250.

Ga motar da aka sayar sabuwa a kan sama da fam dubu 60, wannan ya yi kaɗan, babu kwana-kwana. Abin da ya ƙara fito da shi fili shi ne 'yar'uwarta, EV6 ta gama-gari mai inji ɗaya a baya. Batirinsu ɗaya ne, yunit 77.4, irin yunit ɗin nan da mitar gida take ƙirgawa, amma ita kilomita 528 aka rubuta mata. Ke nan akwai kilomita ɗari da suka salwanta tsakanin su biyun. Sun tafi ne wurin ƙarfi. GT injin lantarki biyu gare ta, na gaba mai kilowat 160, na baya mai 270, in an haɗa ƙarfin doki 585. Tayoyinta inci 21 ne, masu faɗi, masu kama kwalta, irin waɗanda ake sa wa motocin tsere, kuma duk tayar da ta kama titi da kyau to tana shan wuta da kyau. Ga nauyi, ta haura tan biyu. Wanda ya sayi GT ya sayar da kilomita ɗari ne ya sayi gudu, ko ya sani ko bai sani ba.

To, gudun ya cancanci kuɗinsa?

A jikin sitiyari, daga ƙasa, akwai wani maɓalli kore shar da aka rubuta wa GT. In ka danna shi za ka ji motar ta ɗaure jikinta: shokazoba ta yi tauri, sitiyari ya ƙara nauyi, totur ya zama ko numfashi ka yi a kansa sai ta amsa. Daga tsaye zuwa gudun kilomita 100 a awa daƙiƙa 3.5 ne. Adadi ne da ba ya shiga kai sai ka ji shi a jikinka. Babu rurin inji, babu canjin giya da zai ba ka damar shan iska, wani ɗan siririn fito ne kawai daga ƙarƙashi, sai ka ji ƙeyarka ta manne da kujera, cikinka ya tsaya a baya kai ka yi gaba. Wayar da ka ajiye a gefe tana iya tashi ta koma kujerar baya. Yara suna ihun murna, "Abba ƙara! Abba ƙara!" Uwargida kuwa ta kafa doka tun farko: "Abban yara, in ina cikin motar nan kada in ga hannunka kusa da koren abin nan. Mu da ranmu muke so mu isa." Dokar tana nan har gobe.

Sai dai a Ingila iyakar gudu a babbar hanya mil 70 ne a awa, kimanin kilomita 112, kuma kyamarori sun fi 'yan sanda yawa. Ma'ana duk wannan bajinta cikin daƙiƙa huɗu ta ƙare, sai ka ɗaga ƙafa ka shiga layi da sauran jama'a. Inda ƙarfin yake da amfani na gaske wuri biyu ne. Na farko shiga babbar hanya daga gajeren titin gefe, musamman a M60, babbar hanyar da ta zagaye Manchester, da safe, inda manyan motoci suke jere babu mai ba ka hanya. Rata kaɗan ta ishe ka. Na biyu wuce mota a hanya mai layi ɗaya. Tsakanin Manchester da Sheffield akwai wata hanya da ta ratsa kan duwatsu, A57, mai kwana da gangare, inda kana iya bin bayan motar kaya tsawon lokaci kana cizon yatsa. Da wannan motar, da zarar hanya ta miƙe ka ga gabanka babu kowa, ka wuce ka koma hannunka tun kafin zuciyarka ta fara bugawa. Wannan kam tsaro ne, ba wasa ba.

A kwana ma tana ba da mamaki. Batirin a shimfiɗe yake a ƙarƙashin mota tsakanin tayoyin gaba da na baya, don haka nauyin yana ƙasa, ba ta jirkicewa yadda manyan jif suke yi. Akwai na'ura a baya mai raba ƙarfi tsakanin tayar hagu da ta dama, shi ya sa in ka taka a tsakiyar kwana take turo ka waje a miƙe maimakon ta yi ta murza taya ɗaya a banza. Faifan birkin gaba milimita 380 ne, na baya 360, kuma suna riƙe ta. Amma birki ba ya goge nauyi. In ka sauko gangare da sauri ka zo kwana mai tsanani, a nan za ka tuna cewa tan biyu kake tuƙawa. An kuma sa mata wani tsari na musamman don mai son ya riƙa zamar da bayan mota da gangan yana tayar da hayaƙin taya. Ni da nake biyan kuɗin tayar da aljihuna ban ga ranar da zan neme shi ba.

Iyakar gudunta kilomita 260 a awa, kuma wurin da mutum zai kusanci haka ba tare da ya kwana a hannun hukuma ba shi ne Jamus. Muna da 'yan'uwa a Kolon, mukan bi ta jirgin ƙasan nan mai ɗaukar motoci da yake ratsa ƙarƙashin teku daga Folkestone zuwa Calais cikin minti 35, sannan mu keta arewacin Faransa da Beljiyam. A Faransa 130 aka yarda, a Beljiyam 120, sai ka shiga Jamus ka tarar da wuraren da babu iyaka. Ni kaɗai a mota wata safiyar Lahadi, hanya fayau, na bar ta ta haura 200. Ba ta girgiza, ba ta yawo, sitiyari shiru a hannu. Abin da yake motsi shi ne adadin batir a kan allo, yana zuba kana kallo. Dalilin a bayyane yake: in ka ninka gudu sau biyu, turjiyar iska sau huɗu take ninkuwa. Motar fetur ma haka take yi, amma ita tankinta yana ɓoye ɓarnar. Wannan ba ta ɓoye komai. A irin wannan gudun, kafin kilomita 150 ka fara neman wurin caji.

Yanzu sai maganar caji, wadda a ganina ita ce ainihin labarin motar nan, kuma ita ce ta sa ƙarancin zangon bai hana ni barci ba.

Yawancin motocin lantarki batirinsu a kan bolt 400 yake aiki. Wannan, da sauran 'yan gidansu irin su Hyundai Ioniq 5, a kan 800 aka gina su, tsarin da Porsche Taycan ta fara fitowa da shi kasuwa a 2019, a farashin da sai wane da wane. Amfaninsa shi ne ana iya tura wuta mai yawa cikin batir ba tare da waya ta yi kauri ko ta ɗau zafi sosai ba. Kamfanin ya ce a kan na'urar caji mai kilowat 350, daga kashi 10 zuwa 80 cikin ɗari minti 18 ne. Alkawuran masu sayar da mota ba kasafai nake ɗaukarsu da muhimmanci ba, amma wannan ya tabbata. In batir yana da ɗumi, na'urar kuma lafiyarta ƙalau, kana jona kebul za ka ga adadi yana hawa: 90, 160, 210, har ya tsaya wajen kilowat 230. Yakan riƙe haka har kusan rabi, sannan ya fara saukowa sannu a hankali. Daga 80 zuwa sama kuwa sai haƙuri. Cika batir kamar loda buhun gero ne: da fari zubawa kawai kake yi, in ya kusa baki sai da girgizawa da dannawa. Shi ya sa wanda ya san hanya ba ya jiran ɗari bisa ɗari a tashar caji. Lokacin da za ka ɓata daga 80 zuwa 100 yana iya fin wanda ka yi daga 10 zuwa 80.

Ga yadda abin yake kasancewa a aikace. Manchester zuwa Landan kimanin kilomita 330 ne. Ina tashi daga gida da batir cike, mu bi M6, mu tsaya a wurin hutawar matafiya na Rugby inda akwai na'urori masu kilowat 350 a jere. Ina jona mota, uwargida ta kai ƙaramar banɗaki, ni da babban mu yi alwala mu samu gefe mu yi sallar ƙasaru. Kafin a gama gardamar wa zai sha me a kantin shayi, waya ta yi ƙara: mota ta kai 80. Sau da yawa motar ce take jiranmu, ba mu muke jiranta ba, har in bar shayina in je in cire ta, don wasu wuraren suna cin tarar wanda ya gama caji ya bar mota a wurin. Duk mai yara ya san ba ka yin awa uku a hanya ba ka tsaya ba, ko da tankinka zai kai ka Makka. Tsayawar da dole ne a yi ta, ita ce cajin.

Amma a lura da lissafi ɗaya da 'yan talla ba sa faɗa. Zangon farko ne kawai kake da batir cike. Daga nan tsakanin 10 da 80 kake rayuwa, wato kashi 70 cikin ɗari na batir. In motarka 300 take yi a babbar hanya, to kowane zango na gaba kilomita 200 ne da 'yan kai. Da sanyi ma bai kai ba. A tafiyar Jamus wannan yana nufin tsayawa duk bayan awa biyu ko ƙasa da haka. Tashoshin Ionity, waɗanda manyan kamfanonin motoci suka haɗu suka kafa a 2017, sun wadata a wannan hanyar, don haka ba wahala ba ce, amma tsayawa ce. Mai EV6 ta gama-gari zai tsallake ɗaya daga cikinsu ya bar ka a nan, kai da dawakanka 585.

Sanyi kuma yana da nasa hukuncin. Batir mai sanyi ba ya karɓar wuta da sauri. Ka zo da shi a daskare cikin Janairu ka jona a na'ura mafi ƙarfi a ƙasar, ka ga 60 ko 70 a allo, minti 18 ya zama 40. Maganin yana cikin motar: in ka sa tashar cajin a taswirar motar kanta a matsayin inda za ka, takan fara ɗumama batir tun kana hanya. Sharaɗin shi ne taswirar motar, ba ta wayarka ba. Ni da na saba da taswirar waya, sai in riƙa kunna biyun, ɗaya tana nuna mini hanya, ɗaya tana shirya batir. Ɗumamawar ma wuta take ci, don haka kada ka bari sai batir ya kusa ƙarewa, a lokacin ba za ta yarda ta yi ba.

Sauran matsalolin caji ba na motar ba ne, na tashoshi ne. Akwai daren da muka tsaya a wata tasha a hanyar dawowa, na'urori biyu sun mutu, ɗaya ta ƙi karɓar kati, ragowar kuma akwai layi, ga wani bawan Allah ya kafe sai ya cika tasa ɗari bisa ɗari. Haka muka zauna a mota ana ruwa, yara suna tambaya ko mun kusa. Irin wannan ya ragu sosai yanzu, tashoshi masu na'ura goma ko fiye sun yawaita, amma ƙa'idata ita ce ba na nufar wurin da na'urorinsa ba su kai shida ba, kuma ba na isa da ƙasa da kashi 10. Wasu tashoshin Tesla ma an buɗe wa sauran motoci, kuma farashinsu yakan fi sauƙi, sai dai yawancinsu don motoci masu bolt 400 aka yi su, don haka wannan motar ba ta samun rabin saurinta a can.

Duk wannan kuwa tafiyar nesa ce, wadda ba kullum ake yi ba. Rayuwar yau da gobe a ƙofar gida ake cajinta. Na sa an kafa mini na'ura mai kilowat 7 a bango. Daga kusan babu zuwa cikawa awa 11 ne ko kusa da haka, amma wa yake zuwa gida da batir babu komai? Nakan jona da daddare in wayi gari a 80. Soket ɗin gida na yau da kullum ma yana yi, sai dai zai ɗauki fiye da kwana guda, na ranar larura ne. A nan ne kuma maganar kuɗi take rabuwa gida biyu. Kamfanonin wuta a Birtaniya suna da farashin tsakar dare na masu motar lantarki, wajen kwabo 7 ko 8 na Ingila a kan yunit. Motar tana cin yunit 22 zuwa 25 a kilomita ɗari, ka ga bai kai fam 2 ba. A tashar caji mai sauri kuwa yunit ɗin nan yakan kai kwabo 75 zuwa 85, wato ninki goma. Ko harajin kaya ma kashi 20 ne a waje, kashi 5 a gida. Kilomita ɗarin nan ya koma fam 17 zuwa 21, ya fi abin da jif mai shan fetur zai ci. Saboda haka in gidanka irin jerarrun gidajen nan ne da ake fakin a bakin titi, ko bene kake haya, babu inda za ka ja waya, ba na ba ka shawarar wannan motar. Da yawa daga cikin 'yan'uwanmu da suke nan a irin waɗannan gidajen suke, kuma na ga wanda ya saya don sha'awa ya koma yana ƙirga kwabo a tasha.

Ta fuskar iyali, abin da ya fi burge ni shi ne kujerar baya. Tsakanin tayar gaba da ta baya mita 2.9 ne, ƙasan motar kuma a shafe yake, babu tudun nan na tsakiya, don haka mutum uku suna zama ba a rigimar wurin ƙafa. Dogon mutum zai miƙe ƙafa, amma rufin ya ɗan yi ƙasa ta baya, don an fi kula da kyan siffa. Da surukata ta zo daga gida, ranar farko sai da ta dafe ɗankwali kafin ta shiga, ta ce, "Wannan ita ce jif ɗin da ake ta faɗa? Ai ko ƙasa ba ta bari ba." Gaskiyarta. Suna ne kawai na babbar mota; tsakaninta da ƙasa bai wuce santimita 16 ba. But ɗin lita 480 ne. Keken jariri, buhun shinkafa, kwalin doya da galan ɗin manja daga kantunan Cheetham Hill suna shiga, amma akwatunan zuwa filin jirgi irin namu, manya huɗu da 'yan ƙanana, sai an kwantar da kujera. A gaba, ƙarƙashin bonet, akwai wani ɗan akwati mai lita 20, kebul kawai yake ɗauka. Tesla Model Y ta fi ta wurin kaya nesa ba kusa ba.

Kujerun gaba irin na motar tsere ne, masu rungume haƙarƙari. Suna riƙe mutum a kwana, amma da hannu ake gyara su, babu maɓalli, babu ajiye ma'aunin kowa, abin da ƙananan 'yan'uwanta masu rahusa suke da shi. A gidan da miji da mata suke karɓa-karɓar mota, kullum sai an ja an tura. Gilashin baya ba shi da abin share ruwa. An ce iska ce za ta riƙa share shi, iskar kuwa ba ta aiki a cunkoson Manchester. Maɓallan esi da na rediyo layi ɗaya suke rabawa, ka taɓa wani wuri su juye daga wannan zuwa wancan, sai ka je rage murya ka ƙara zafi. Tafiyarta a yanayin yau da kullum ba ta da tsauri yadda na zata, shokazobar tana sassautawa, sai dai siririyar taya ba ta yafe rami.

Wani abu da ya kamata mai yara ya sani: motar tana mayar da wuta cikin batir duk lokacin da ka ɗaga ƙafa daga totur, kuma akwai 'yan faranti biyu a bayan sitiyari da ake ƙara ko rage ƙarfin wannan riƙon. A matakin ƙarshe kana iya tuƙi da ƙafa ɗaya har ta tsaya cak ba ka taɓa birki ba. Direba yana jin daɗinsa, birki ma yana daɗewa. Na baya kuwa, in ƙafarka ba ta da laushi, tashin zuciya yake sa su. In yara suna ciki nakan mayar da shi mataki na ɗaya.

Akwai kuma abin da duk ɗan Najeriya da ya gani sai ya yi shiru ya yi tunani. Motar tana ba da wuta. Akwai ɗan kan da ake sawa a bakin cajinta ya zama soket, yana fitar da har kilowat 3.6, ƙarfin matsakaicin janareta, babu ƙara, babu hayaƙi. A wurin cin abincin Sallah da muka yi a fili, da ita muka kunna tukunyar shinkafa da butar shayi da lasifika. Firji da fankoki da fitilu na gida guda za ta riƙe su kwanaki.

Wannan ne ya sa yayana da yake Kano, da ya ga bidiyon wannan taron, ya bugo waya: "Kai, ka nemo mini irinta mana, ka ga yadda mai ya koma tun da aka cire tallafi." Na ce, "Yaya, bari in gaya maka gaskiya." Ta Ingila dai ba ta shigowa, sitiyarinta a dama yake, Najeriya kuwa tun 1972 ta bar wannan tsarin, sai dai ta Turai ko ta Amurka. Lissafin wuta yana da daɗi: ko a rukunin A na masu biyan kuɗin wuta mafi tsada, inda yunit ya haura naira 200, cika batir bai fi naira dubu 17 ba, ka yi kilomita 300 da shi, in kuma kana da sola mai ƙarfi abin ya fi haka sauƙi. Cikin gari ke nan. Amma Kano zuwa Abuja ya haura kilomita 400, kuma abin da ya sa na yafe wa motar nan ƙarancin zangonta, wato na'ura mai kilowat 350 a bakin hanya, shi ne ba za ka dogara da samunsa a Zariya ko Kaduna ba. An fara dai: hukumar kula da ƙera motoci ta ƙasa ta kafa tashar caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato a 2021, Maiduguri ma motocin haya na lantarki suna yawo. Sai dai wannan ba shi ne jerin tashoshin da matafiyi zai jingina da su ba. Ga taya inci 21 a kan ramukanmu, ga ƙasan mota kusa da ƙasa alhali batir ne a wurin, ga neman bakaniken da zai taɓa bolt 800. Na ce masa in lantarkin yake so, ya nemi mai ƙaramar taya mai kauri, mai tsayi daga ƙasa, wadda akwai dilanta da kayan gyaranta a ƙasar.

Ga mai zama a nan da yake tunanin saye, kasuwar ta hannu ita ce wurin dubawa. Motocin lantarki masu tsada suna faɗuwa a farashi da sauri, ni kusan rabin kuɗin sabuwa na biya, kuma garantin Kia na shekara 7 ko mil dubu 100 yana bin motar zuwa hannun mai saye na biyu. Inshora ce za ta ɗaga maka gira, don a rukunin motocin gudu take. Ka nemi farashinta kafin ka biya kuɗin mota, ba bayan ka biya ba. Tun Afrilun 2025 kuma motocin lantarki sun fara biyan harajin hanya kamar kowa.

Motar ta samu yabo a duniya, EV6 ce gwarzuwar motocin Turai ta 2022, GT kuma ta ci kyautar motar gudu ta duniya a 2023, kuma ban ga laifin alƙalan ba. Sabuwar ƙirar da ta biyo baya an ƙara mata batir zuwa yunit 84, ƙarfi ya kai doki 650, zango ya ɗan ƙaru zuwa wajen kilomita 450 a takarda. Hyundai Ioniq 5 N, wadda suke uwa ɗaya uba ɗaya, ta fi ta wasa da hayaniya. Tesla Model Y Performance ta 2023 ta fi tawa zango, 514 a takarda, amma ba ta kai ta saurin caji ba. In kuwa wani ya ce in zaɓa masa ba tare da son zuciya ba, akwai EV6 ta tsakiya ƙirar 2023 mai inji biyu, ƙarfin doki 325, tana kai 100 cikin daƙiƙa 5.2, zangonta 506, cajinta daidai da na GT, kujerunta na lantarki, tayarta ta fi arha. Ita ce motar iyali. GT ta wanda ya san yana son koren maɓallin nan ne kuma ya yarda ya biya.

In za ka duba ta hannu, ka fara da tayoyi huɗun, don saitinsu kuɗi ne mai yawa kuma mai irin wannan motar ba ya tausaya musu. Ka duba gefen rim ko ya sha dutsen bakin titi. Ka tambayi takardar sabis, ka tabbatar an yi mata gyaran da kamfanin ya kira motocin a 2024 a kan na'urar da take cajin ƙaramin batir mai bolt 12. Ka tabbatar kan nan mai ba da wuta yana cikin but, don sayensa daban ba arha ba ne. Sannan kafin ka sa hannu, ka roƙi dila ya bar ka ka kai ta tashar caji mai ƙarfi da batir ƙasa da kashi 30, bayan kun ɗan yi tafiya ta yi ɗumi, ka tsaya ka ga ko adadin zai haura 200.